Watandar Littafi

A Jibiya ba wanda bai san watanda ba. A haɗu a sayi sa, a kayar, a kasa naman kashi-kashi, kowa ya ɗauki nasa ya kama hanyar gida. Amma mutum ɗaya ne aka sani yana yi wa littafi haka, kuma littafin gwamnati mai hatimi a goshi: Malam Dalhatu na laburare.

Laburaren ɗaki ɗaya ne da baranda, da kantoci jikin bango, da fankar sama wadda ta riga mai ɗakin yin ritaya. In an aiko da sabon littafi daga hedikwata, guda ɗaya tak ake aikowa. Masu son karatu kuwa sun haura ashirin, kuma rabinsu ba cikin gari suke ba. Wata na Farfaru, wata na Kusa, wasu na Daddara, ba su shigowa sai Lahadi in kasuwa na ci, shi ma in hanya ta yi lafiya. Ka ba mutum ɗaya littafi ya tafi ƙauye da shi, sauran sai su jira wata damina. Shi ne Malam Dalhatu ya zauna ya yi tunaninsa, ya tashi ya sayo reza.

Sai ya kwantar da littafi bisa tebur, ya yi bisimilla kamar mahauci, ya bi gadon bayansa ya tsaga shi kashi bakwai, inda babi ya ƙare nan reza ke bi. In ya gama sai ya ɗaga murya: "Salame!"

Salmatu tela ce, shagonta na jingine da bangon laburaren. Ita ke ɗinke kowane kashi da basilla da zare mai kauri, ta yi masa bango da takardar buhun siminti, ta rubuta lambarsa a kai. Kashi na ɗaya tare ake karantawa a baranda. Na biyu zuwa na shida su shiga zagaye, wannan ta karanta ta kawo, waccan ta karɓa, wadda ba ta iya karatu ba a karanta mata a gida. Na bakwai kuwa, wato ƙarshen labari, wannan amana ne. Mutum ɗaya ake ba ya ɓoye, ba ya buɗewa, sai kowa ya gama shidan, sannan a taru a ji ƙarshe lokaci guda. Shi kansa Malam Dalhatu, in reza ta kai wurin, tafin hannu yake sawa ya rufe shafin.

Jikin bango, daidai saman kansa, akwai takardar doka mai cewa duk wanda ya lalata littafin hukuma zai fuskanci hukunci. Ma'aikacin da ya yi haka da hannunsa kuwa, ai ba sai an rubuta nasa ba. Saura ƙiris Malam Dalhatu ya yi ritaya, yana da iyali, ba shi da gona sai 'yar gayauna. Salmatu ta sha faɗa masa.

"Baba, ranar da na sama suka gani fa?"

"Na sama ba su zuwa Jibiya, ɗiyata. Zare dai ki ƙara ninkawa, na huɗun nan Farfaru za shi, can akwai awaki."

Kowa Watanda yake kiran ƙungiyar, in ban da Alhaji Shamsu. Shi ejan ne a bakin boda, mai fitar wa 'yan kasuwa da kaya. Ya taɓa halartar wani taro a Kaduna aka ba shi jaka mai rubutu, tun daga ranar jakar ba ta sauka daga kafaɗarsa ba. Biro uku ne a aljihunsa, ɗaya ne ke rubutu. Shi ya naɗa kansa Ciyaman, ba wanda ya yi gardama saboda shi ke sayen shayi.

"Ku daina cewa Watanda gaban mutane," in ji shi. "Sunanmu da Turanci Litarari Sakul."

"Sakwara?" in ji Inna Uwa ta Farfaru, mai daddawa, wadda ba ta san bihim ba amma ba littafin da ya wuce ta, surukarta ke karanta mata.

An taɓa ba Alhaji Shamsu riƙon kashi na bakwai sau ɗaya. Kafin la'asar duk tashar mota ta san wa ya mutu. Tun daga nan amanar ta koma hannun Hasiya mai cuku, 'yar Ɗan Isa, can tsallaken iyaka cikin Nijar. Mace ce da in ta ce ba ta buɗewa, ko wuƙa ka sa mata ba ta buɗewa, ga shi kuma ta yi nisa da masu magiya.

To, a wannan shekarar littafin da ke zagaye sunansa Gawo da Damina, na wata Mu'minat Lawal. Labarin wata mata ce, Muhsina, da ta bar gida ta bi sawun ƙanenta da ya tafi ci-rani arewa bai dawo ba. Kashi na shida ya ƙare tana tsaye ƙofar wani gida a Agadas, ta yi sallama, ta ji ana zare sakata. Nan reza ta bi.

Hasiya ta ɗauki na bakwai ta tafi da shi wata Lahadi. Kafin kasuwa ta sake zagayowa aka yi juyin mulki a can, aka rufe boda. Manyan motoci suka yi layi a Magama har albasa ta ruɓe a cikinsu, direbobi suka kafa murhu ƙarƙashin tayoyi. Alhaji Shamsu ya rasa aikin yi, sai ya ƙara ƙaimi wajen shugabanci. Mutanen Watanda suka gama kashi shida, suka sake maimaitawa, Muhsina na nan tsaye bakin ƙofa, ba wanda ya san wa ya buɗe mata.

Ana cikin haka wata safiya Salmatu na taka keke, rediyo na gefenta, ta ji an ce Gawo da Damina ya shiga cikin littattafai uku na ƙarshe a gasar littattafan Hausa ta shekarar. Ta fito ba takalmi. Kafin azahar labari ya kai Daddara, ana ta yi wa juna barka kamar an yi haihuwa a gidan. Murnar ba ta daɗe ba aka bugo wa Malam Dalhatu waya: masu gasar na zagayawa da marubutan uku wuraren masu karatu, kuma Mu'minat Lawal za ta zo Jibiya da masu ɗaukar hoto. Tare da ita akwai Malam Abdulrazak daga hedikwata, wanda aikinsa ke nan duba lafiyar littattafai.

Ashe na sama suna zuwa Jibiya.

Salmatu ta yi lissafin cewa in kashi bakwai ɗin suka haɗu, za ta iya ɗinke su a mayar da bangon asali, daga nesa ba mai ganewa. Ta kira Hasiya.

"Yaya Hasiya, don girman Allah ki ba mai kabu-kabu ya biyo jeji da shi."

"A'a ƙanwata. Abin ga tambarin gwamnati gare shi. Ta ƙofa na shigo da shi, duwan, kwastan ɗinmu, na kallo na, ta ƙofa za ya koma. Ni ba 'yar fasa-ƙwauri ba ce."

"Yaya, shinkafa ma jejin take bi kullum."

"Shinkafa ba amana ba ce."

"To aikin Baba fa?"

Hasiya ta ce, "In mai kabu-kabu ya faɗa hannun jandarma da shi fa? Ko ruwa ya doke shi? Shi ke nan Muhsina ta mutu tsaye. Ki gaida Malam, ki ce mai yana ƙasan adaka cikin zanen aurena, ko leƙawa ban yi ba."

Alhaji Shamsu ne ya kawo mafita, kuma a gaskiya mafitar ba ta da laifi. Ya hau mota ya je Katsina ya sayo sabon Gawo da Damina, fil a leda, yana ƙyalli. Ya kafa shi bisa tebur kamar hoton ango.

"Kar wanda ya taɓa. Hannuwanku duk mai. Kuma ranar taro ni zan yi magana. Ku mata ku yi shiru ku riƙa gyaɗa kai, don na san ku, da an buɗe baki sai a ce kashi na uku, kashi na biyar, asiri ya tonu."

Salmatu ta tsaya tana kallon littafin. Ƙarshen na nan ciki, tsakaninta da shi bai fi taki ɗaya ba, sai 'yar leda da farce zai huda.

"Wannan ba namu ba ne," in ji Malam Dalhatu, bai ko ɗago kai ba. "Namu na Ɗan Isa."

Bai so dabarar ba, Salmatu ta gani a fuskarsa. Ita ce ta matsa. Ta kwashe kashi shidan da duk sauran littattafan da reza ta taɓa bi, ta cusa su cikin buhun ƙyallaye ƙarƙashin kekenta.

"Baba, wuni ɗaya ne. Ka yi shiru wuni ɗaya ka ci fanshonka."

"To, Salame," ya ce. Irin "to" ɗin da ba ta kwantar wa mutum da hankali.

Ranar taro Alhaji Shamsu ya kafa rumfa, ya jera kujerun roba, ya sha babbar riga wadda sai da mutum biyu suka taimaka masa ya shiga mota. Mutanen ƙauyuka duk sun zo ko da yake ba Lahadi ba ce. Ana ta baza ido a ga hamshaƙiya ta fito, sai ga wata 'yar siririyar mata da mayafi ruwan toka da takalmi silifa. Ashe ungozoma ce a wani asibiti wajen Funtuwa, tsakanin haihuwa da haihuwa ta rubuta littafin.

"Wannan ce ta hana ni barci?" Inna Uwa ta raɗa wa Salmatu, raɗar da aka ji har bakin titi. "Ko cikin cokali ba ta cika ba."

Bayanta Malam Abdulrazak ya fito, dogo, mai furfura a gemu, da fayil a hammata. Ya gaisa da Malam Dalhatu hannu biyu, ya leƙa ɗakin, ya ga kantoci tsaf-tsaf, ya gyaɗa kai. Salmatu ta sauke numfashi.

Alhaji Shamsu ya yi jawabi. Ya yi maraba da baƙi a madadin Sakul, ya ambaci taron Kaduna, ya ce adabi madubin al'umma ne, ya dakata don a tafa, aka tafa. Ya ce shi da littafi kamar kifi da ruwa ne. Da ya gama ya ɗauko littafin da hannu biyu ya miƙa wa marubuciya ta sa hannu, ya ce ta rubuta "Ciyaman" kafin sunan.

Ita da kanta ta yage ledar. Da ta buɗe, gadon bayan littafin ya yi 'yar ƙara, irin ta sabon takalmi. Shafi biyu na farko a manne suke, sai da ta sa farce ta raba. Salmatu ta san sabon yadi ta san wanda ya sha jiki, kuma ta ga matar nan ita ma ta sani. Ta rubuta abin da aka ce ta rubuta, ta ɗago ta dubi mutane da murmushi.

"To iyayena da 'yan'uwana, me kuka gani a ciki? Ko da zagi ne ina so."

Mata suka gyaɗa kai kamar yadda aka umarce su. Inna Uwa ta cije bakin mayafinta.

"Ƙarshen fa? Ya kuka ga ƙarshen?"

Tsit. Ko da an ba su izini, wannan ce tambaya ɗaya da ba mai amsarta a duk Jibiya. Mai ɗaukar hoto ya juyo da na'urarsa kan Alhaji Shamsu, shi kuwa Alhaji bai taɓa ganin na'ura ta dube shi ya kasa magana ba.

"Ƙarshen," ya ce, ya cire tabarau ya goge, "ƙarshen ya yi ma'ana ƙwarai. Ya taɓa zuciya. Musamman yadda aka yi bikin nan, kowa ya koma gida cikin farin ciki, a nan marubuciya ta nuna ƙwarewa."

"Biki," in ji Mu'minat.

"Ƙwarai. Da kuma saƙon da ke ciki."

"Na gode, Alhaji." Ta rufe bironta a hankali. Ba ta yi fushi ba, da ma fushin ta yi da ya fi sauƙin kallo. Ta shafa bangon littafin ta ce, kamar da kanta take magana, "Ba komai. Nan ne wuri na uku da aka kai ni. Ko'ina sabo nake tarar da shi."

Salmatu ta sunkuyar da kai. Ta tuna Inna Uwa da ta tako daga Farfaru ranar da mota ta ƙi zuwa, don kawai kar kashi na biyar ya kwana hannunta wata na jira. Ta ce a ranta saura kaɗan, a sha lemo, a yi addu'a, baƙi su hau mota. Sai ta ji kujera ta motsa.

"Salame," in ji Malam Dalhatu. Yana tsaye. "Ɗauko."

"Baba..."

"Ɗauko, ɗiyata. Baiwar Allah ta zo daga nesa, ba a yi mata guzuri da ƙarya."

Ta dubi Malam Abdulrazak da fayil ɗinsa, ta dubi tsohon. Sai ta nufi shago. Ta dawo da kashi shida a ƙirji, zaren ƙyalle na reto jikinsu, ta zube su bisa tebur kusa da sabon.

Ba su da kyan gani. Na biyu ya sha man gyaɗa har ana hango rubutun baya. Na uku da shatin babban yatsa na lalle a kowane shafi. Na huɗu akuya ta ɗanɗana kusurwarsa. Na biyar kuwa ba sai an tambayi gidan da ya kwana ba, warin daddawa ya riga ya gabatar da shi. A goshin na ɗaya ga hatimin hukuma nan raɗau, reza ta bi ta gefensa.

Mu'minat ta ɗauki na uku ta juya shi. "Mene ne wannan?"

"Littafinki ne, Hajiya," in ji Malam Dalhatu. "Ɗaya aka aiko mana, mu kuwa muna da yawa. Watanda muka yi."

Kamar an cire toshiyar kwata. Inna Uwa ta saki mayafi ta miƙe.

"Ke 'yar nan, tsaya in tambaye ki. Wane laifi jakin nan ya yi maki da kika kashe shi a Tanut? Dabba ta ɗauko mace tun daga gida!"

"Inna, ai ƙishirwa ce..."

"Ke kika hana shi ruwan! Alƙalamin na hannun wa?"

Wata daga Kusa ta ce ita gwaggon Muhsina ce ba ta yafe wa ba, mace ta san inda yaro ya nufa ta yi shiru shekara da shekaru. Wani dattijo daga Daddara ya ce a'a, gwaggon rantsuwa aka sa ta, kuma a kashi na biyu an faɗa, wanda bai gani ba ya sake karɓa ya duba. Aka ce masa na biyun ai mako uku ya yi a gidansa, dole ya fi kowa sani. Wata ta ce direban da ya rage wa Muhsina hanya sak mijin ƙanwarta ne, har yadda yake tofar da goro. Hayaniya ta kaure, mai ɗaukar hoto ya rasa wa zai bi. Mu'minat na tsakiya, tana dariya tana share ido da bakin mayafi, ta rungume kashi na biyar da warinsa da komai.

Can ta jera su ta ƙirga. "Shida ne. Ina sauran?"

"Yana Nijar," in ji Salmatu. Ta yi mata bayanin amanar, da Hasiya, da adaka, da boda.

"Wato tun rufe boda ba ku san..." Ta dafe baki. "Wayyo Allah. Ai wanda ya zare sakatar nan..."

"A'a!"

Rumfar gaba ɗaya ta ɗauka. Inna Uwa ta toshe kunnuwa tana salati da ƙarfi. Dattijon Daddara ya miƙe da sandarsa kamar an ce kura ta shigo.

"Hasiya ba ta zo ba!" in ji Inna Uwa. "Ki riƙe bakinki, 'yar nan, ko ke kika rubuta!"

Marubuciya ta riƙe bakinta da hannu biyu, kafaɗunta na rawa.

Dariyar ta mutu ne lokacin da Malam Abdulrazak ya miƙo dogon hannunsa ya ɗauki kashi na ɗaya. Ya dubi hatimin. Ya bi ɗinkin da yatsa, ya ja zaren ya ji ƙarfinsa.

"Malam Dalhatu, wa ya yanka?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Shi kaɗai ne?"

Salmatu ta runtse ido.

"A'a. Duk wanda aka so karantawa na yanka. Suna cikin buhu a shagon ɗiyar nan. Ita ɗinki kawai na sa ta, ba ruwanta."

Malam Abdulrazak ya daɗe yana shafa gemu. Ba mugu ba ne, kowa ya ga haka, amma mutum ne da fayil.

"Na gani da idona, na'ura ma ta gani, ba zan ce ban gani ba. Doka ta ce wanda ya lalata littafi ya kawo irinsa sak, cikakke, a buga masa hatimi. In babu, sai in rubuta rahoto, kuma ka san inda rahoto ke ƙarewa. Akwai irinsa?"

 Idanu ne kawai suka tafi kan sabon littafin, daga nan suka hau kan mai shi.

Alhaji Shamsu ya riga ya sa shi cikin jakar Kaduna. A ciki akwai sunansa, da "Ciyaman" a gaba, da hannun marubuciyar da aka faɗa a rediyo. Ya riga ya zaɓi inda zai ajiye shi a falo.  Sai ya zuge jakar, ya miƙe, ya gyara hannun riga, ya jira na'ura ta juyo.

"A madadin Sakul," ya ce, "da ma niyyata ke nan tun daga Katsina."

Ba wanda ya ƙaryata shi. Tafin da aka yi masa a nan na gaske ne, har ya ɗan rikice ya zauna bai ambaci Kaduna ba. Malam Abdulrazak ya ɗauko hatimi daga aljihun tebur ya buga, dam, daidai ƙarƙashin "Ciyaman".

"Na cikin buhu kuma," ya ce, "zan dawo bayan salla. In tarar da kowanne a haɗe cikin bangonsa, bisa kanta. Ɗinkin nan zai riƙe. Daga yau kuma, Malam, reza ba ta ƙara hawa kan abin da ke da hatimi. Wannan ba roƙo ba ne."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Aiki ya tsira, Watanda ta mutu. Haka kowa ya fahimta, aka yi jugum. Mu'minat ta tashi ta nufi mota, ta dawo da littattafai biyu. Na abokan takararta ne, su suka ba ta kyauta.

"Na karanta su, sun yi kyau, ɗayan ma ina jin ya fi nawa. Nawa ne na kaina." Ta wuce Malam Dalhatu da teburinsa, ta ɗora su a hannun Salmatu. "Ke na ba. Ba su da hatimi."

Hatimin na nan bisa tebur, jiƙe da tawada. Malam Abdulrazak ya dube shi, ya dubi littattafan, ya mayar da shi aljihun tebur ya tura da gwiwa.

"Abin da ke shagon tela," ya ce, "ba ya cikin fayil ɗina."

Salmatu ta yi makonni tana haɗa tsofaffin yanka, basilla ta huda mata yatsa har ta daina ji. Kayan sallar mutane suka makara, ta sha zagi, ta shanye. Malam Abdulrazak ya dawo kamar yadda ya ce, ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya sha shayin Alhaji Shamsu, ya tafi. Sabon Gawo da Damina kuwa Malam Dalhatu ya mayar da shi cikin yagaggiyar ledarsa ya ɗora can saman kanta, inda sai an taka kujera, ya ce ba mai aro sai Hasiya ta zo. Bayan an nuna taron a talabijin, wasu marubuta suka fara aiko da littattafansu a motar kasuwa, an rubuta a jikin ƙunshin: shagon Salmatu tela, jikin laburare.

Sakamakon gasa ya fito, Gawo da Damina ya zo na biyu. Ranar ba a sha shayi ba.

Da aka buɗe boda, Lahadin farko, ga Hasiya da kwandon cuku a ka. Ta ƙofa ta shigo. Ta zauna a baranda, ta kwance zanen aurenta, ta fito da kashi na bakwai, ɗinkin Salmatu na nan yadda yake, sai ƙamshin turaren adaka. Ta miƙa wa Malam Dalhatu da hannu biyu.

"Ga amanarku, Malam. Ku karanta da sauri, don ni ma na ƙosa."

Baranda ta cika har bakin kwata, da direbobin da suka ji labari lokacin zaman Magama. Malam Dalhatu ya sa tabarau, makullan laburare na rataye a aljihunsa, ya yi bisimilla, aka zare sakata. Wanda Muhsina ta gani ba a faɗa wa wanda bai ci kashi shida ba, littafin na nan bisa kantar laburare ga mai so. Abin da za a iya faɗa shi ne babu biki ko ɗaya a ciki, kuma Alhaji Shamsu ya fi kowa jan hanci, ya ce mura ce.

 Can Inna Uwa ta fyace hanci ta gyara ɗaurin zane.

"Alƙalan nan da suka ba ta na biyu, a haɗe suka karanta shi. Ba su jira ba. Ina za su san daɗinsa?"

Malam Dalhatu ya aika Salmatu ta ɗauko sabon da ya iso shagonta, ya juya shi gaba da baya ya tabbatar ba hatimi, ya laluba aljihu ya fito da reza.

"Wannan karon," in ji Alhaji Shamsu yana gyara murya, "a matsayina na Ciyaman, ina ganin na bakwai ɗin..."

Hasiya ta riga ta shimfiɗa zanenta.